Yadda Ake Gane Ko Motar Turbo Da Aka Ƙara Wa Ƙarfi Tana Buƙatar Sabon Regiletan Mai, Da Yadda Ake Saka Shi

Idan mutum ya ƙara wa motarsa matsin turbo, ya buɗe salansa, aka taɓa masa kwamfutar injin, abin da yakan biyo baya shi ne wani ya ce masa saura regiletan mai, wannan na ƙarfe mai launi da ake murɗawa. Yawancin motocin da suka shigo hannuna da wannan magana ba su buƙaci sabon regileta ba. Kaɗan daga cikinsu sun buƙata ƙwarai, kuma da an bar su haka da fistin ya narke ko mai ya wanke silinda. Geji ne kawai ke raba waɗannan da waɗancan. Don haka aikin da zan koya maka awo ne tukuna, sayayya daga baya idan awon ya ce a saya.

Ɗan bayanin da ba makawa sai ka san shi

Famfon da ke cikin tanki yana turo mai fiye da abin da injin ke sha. Man yana bi ta filta ya shiga sandar da nozul, masu fesa wa injin mai, suke jere a jikinta, regileta kuma yana ƙarshen sandar, yana riƙe matsin da ake so ya saki rarar ta koma tanki. A cikinsa babu komai sai sifirin, da fatar roba, da ɗan bawul. A samansa akwai siririn tiyo da ya taso daga manifol, wato bututun da ke rarraba iska zuwa silinda.

Wannan siririn tiyon shi ne zuciyar maganar. Bakin nozul yana feshi ne a cikin manifol, don haka yawan man da zai fita ya dogara da bambancin matsin da ke bayan nozul da wanda ke gabansa. Idan turbo ya cika manifol da iska mai matsin bar 1, dole matsin mai ma ya hau da bar 1, in ba haka ba iskar za ta danne feshin. Motoci irin su Subaru WRX, Mitsubishi Evo, Nissan mai injin SR20DET da Golf mai 1.8T suna tashi ne daga kusan bar 3, wato psi 43.5. A silo, wato injin yana aiki ba a taka totur ba, lokacin da yake zuƙo iska, matsin yakan sauka zuwa wajen bar 2.5. A matsin turbo na bar 1 ya kamata ya kai bar 4. Ɗaya bisa ɗaya kenan, kuma regiletan da kamfani ya saka wa motar turbo ya riga ya iya wannan aikin tun daga masana'anta.

Regileta ba ya ƙirƙirar matsi, famfo ne ke yi. Shi tarewa kawai yake yi. Ka riƙe wannan, domin rabin kuskuren da ake yi daga nan yake tasowa.

Kayan aiki

Gejin matsin mai wanda ya kai bar 7, wato psi 100, da mahaɗa mai baki uku da za ta shiga tsakanin tiyo. Guntun tiyon mai na injin nozul, wanda aka rubuta SAE 30R9 a jikinsa, da maɗauran da suka dace da shi. Kada ka karɓi tiyon motar kafireta, ba a yi shi don wannan matsin ba, zai kumbura ya fashe.

Gejin matsin turbo, idan motar ba ta da shi. Ma'aunin haɗin iska da mai, wanda ake kira waidiban, mai na'ura a cikin salansa. Na'urar karanta kwamfutar mota ta OBD, ko da ƙaramar nan ce ELM327 da ake haɗawa da waya. Masu Volkswagen da Audi su nemi VCDS, na'urar karatun da aka yi don motocinsu. Mitar auna wuta. Ɗan famfon hannu mai iya zuƙowa da hurawa. Idan babu, famfon keke mai geji zai yi aikin hurawar.

Sai sifanu, sukudireba, filaya, tsummoki masu yawa, gilashin kare ido, jarka mai tsabta, da abin kashe gobara na hoda a kusa da hannunka, ba a cikin but ba. Kana kuma buƙatar mutum na biyu mai natsuwa. A yi aikin a fili, nesa da mai walda, janareta, da mai shan sigari.

1. Gane irin tsarin man motarka

Buɗe bonet ka dubi sandar nozul. Idan tiyo biyu ne, ɗaya na shiga ɗaya na fita, kuma ga regileta da siririn tiyonsa, motarka mai mayar da rara ce, kuma duk abin da ke ƙasa ya shafe ka. Idan tiyo ɗaya ne kawai, regiletan yana cikin tanki ko cikin filta, kuma ba za ka sauya shi da na murɗawa ba sai ka ja sabon layin komawa tanki, wanda babban aiki ne daban.

Akwai kuma injinan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin su TSI da TFSI na Volkswagen da Audi, EcoBoost na Ford, da N54 na BMW. Matsin sandarsu yana wuce bar 100, kwamfuta ce ke sarrafa shi, kuma man da ya fito da wannan ƙarfin yana huda fata. Kada ka kwance komai a wurin da wannan bayanin.

Kafin ka ci gaba, rubuta abin da aka sauya a motar: wane famfo, wane girman nozul, matsin turbo nawa, kuma a kan wane matsin mai aka saita kwamfutar. Na ƙarshen nan ya fi sauran muhimmanci. Injin 1.8T misali ne mai kyau, domin wasu sun zo da regiletan bar 3, wasu da na bar 4, girman jikinsu ɗaya, suna shiga rami ɗaya. A kan samu motar da wani ya musanya mata ba tare da mai ita ya sani ba. Lambar tana rubuce a jikin regiletan, ka goge ka karanta.

2. Sauke matsi, ka ɗaura geji

Bari injin ya huce. Cire fiyus ko rilen famfon mai, ka tayar da mota ka bar ta ta mutu da kanta, ka sake murɗa makulli na 'yan daƙiƙu. Buɗe murfin tanki iska ta fita, sannan ka cire kan batir na nagetif. Duk da haka akwai sauran mai a layin, don haka ka naɗe mahaɗar da tsumma kafin ka kwance.

Geji yana shiga ne a layin shigowa, tsakanin filta da sandar nozul. Wasu motocin suna da ɗan bawul irin na taya a jikin sandar, wannan ya sauƙaƙa maka. Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi shi ne ɗaura geji a layin komawa, su ga allura kusan a ƙasa, su yanke hukuncin famfo ya mutu. Idan ba ka tabbatar da wane layi ne wane ba, bi shi da hannu: wanda ya fito daga jikin regileta shi ne na komawa.

Mayar da fiyus da batir, ka kunna makulli ba tare da tayar da injin ba, sau biyu ko uku, famfo ya cika layi. Shafa kowace mahaɗa da busasshen tsumma. Ko danshi ka gani, tsaya ka gyara.

3. Awo a tsaye

Tayar da mota ta ɗumama. Zare siririn tiyon daga kan regileta ka toshe bakinsa da yatsa ko ƙusa mai tsabta don kada injin ya sha iska ta nan. Abin da geji ya nuna yanzu shi ne matsin tushe. Rubuta shi. Mayar da tiyon, allura ta sauka da kusan rabin bar ko ɗan fiye. Rubuta wannan ma.

Yayin da tiyon ke hannunka, shinshina shi, ka girgiza shi a kan tsumma. Idan akwai fetur a ciki, fatar robar ta yage, injin yana shan mai ta bayan gida. Irin wannan motar takan yi baƙin hayaƙi, fulogi su yi baƙi, ta yi wuyar tashi idan ta yi zafi. Wannan regiletan ya gama aiki, amma ka lura: mutuwarsa dalili ce ta sauya shi, ba dalili ce ta sayen babba ba.

Kashe injin ka zuba wa geji ido na minti 10. Matsin zai ɗan sauka, amma bai kamata ya zube ƙasa ba. Idan ya zube da sauri, sake cika layin, ka matse tiyon komawa da filaya da aka naɗe wa baki da tsumma. Idan matsin ya tsaya, bawul ɗin regileta ne ke yoyo. Idan bai tsaya ba, gwada matse layin shigowa ta ɓangaren tanki; in ya tsaya, bawul ɗin cikin famfo ne. In duka biyun ba su hana ba, nozul ne ke ɗiga. Tiyon roba kawai ake matsewa. Layin leda mai tauri idan ka matse shi ya karye kenan, ko da bai nuna a ranar ba.

4. Gwaji da famfon hannu

Wannan matakin mutane da yawa suna tsallake shi, alhali shi ne ke amsa rabin tambayar ba tare da mota ta motsa ba. Injin yana silo, haɗa famfon hannu a kan regileta a madadin siririn tiyon. Hura rabin bar: matsin mai ya hau da rabin bar. Hura bar 1, sannan ka kai shi iyakar matsin da turbonka ke yi, ka ɗan ɗara kaɗan. Allurar mai ta bi ka taki-taki, ba tsalle, ba maƙalewa, kuma idan ka tsaya ta tsaya. Idan iskar da ka hura tana sulalewa, fatar ta huje.

Regiletan da ya ci wannan gwajin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya rage a sani shi ne ko famfo zai iya ciyar da shi lokacin da nozul suka buɗe sosai.

5. Awo a kan hanya

Kada ka taɓa shigo da gejin mai na allura cikin mota. Tiyo ne ɗauke da fetur mai matsi, idan ya fashe a jikinka zai fashe. Fito da shi ta bayan bonet ka manne shi da tef a wajen gilashin gaba, inda na kusa da direba zai gani. Wanda ke da geji na lantarki ya huta da wannan. Hanya mafi sauƙi ta karatu ita ce abokin aikinka ya ɗauki bidiyo da waya yadda gejin mai, na turbo da waidiban za su fito tare, ku zauna daga baya ku kalla a hankali. Direba hanya kawai zai kalla.

Idan akwai injin gwajin ƙarfi na daino a garinku, shi ya fi. Idan babu, a nemi miƙaƙƙiyar hanya marar jama'a, ba ta cikin gari ba, ba kuma lokacin da 'yan makaranta ko dabbobi ke tsallakawa ba. Saka giya ta 3, fara daga juyin injin 2,500 a minti, taka totur har ƙasa. Zagayen farko ka tsaya a wajen 4,500 ku duba. Idan komai daidai ne, sai a ja har kusa da jan layi.

Abin da ake nema: matsin tushe a tara da matsin turbo. Tushe bar 3, turbo bar 1.2, geji ya nuna 4.2, kuma ya zauna a nan har ƙarshen juyi. Waidiban kuma, wanda ke nuna 14.7 a silo, ya sauko tsakanin 11.5 da 12 a cikakken matsi. Idan ka ga ya haura 12.5 yana tafiya 13, ko ka ji ƙara daga injin kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwanin madara, ɗaga ƙafa nan take. Daƙiƙu kaɗan na ƙarancin mai a ƙarƙashin turbo sun isa su cinye gefen fistin.

Ka yi gwajin da rana, ba da sanyin asuba kawai ba. Motar da ta yi lafiya da safe tana iya gazawa da azahar a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, lokacin da zafi ya wuce digiri 40, man tanki ya ɗumama, famfo ya gaji. Kuma kada tanki ya gaza rabi, don kada famfo ya sha iska ya ruɗe ka.

6. Karanta sakamakon

A nan ne ake yanke hukunci, don haka zan daɗe a kai.

Idan matsin tushe daidai yake, ya bi turbo ɗaya bisa ɗaya har ƙarshe, waidiban ma yana inda ya kamata, to ka rufe bonet. Regiletanka yana aikinsa. Sabo ba zai ƙara maka ƙarfin doki ko ɗaya ba, sai dai ya ƙara maka mahaɗai huɗu ko biyar da za su iya yoyo kusa da turbo mai zafi. Kuɗin ka kai su ga filta, fulogi da tayoyi.

Idan matsin ya hau daidai da farko, sannan ya fara zubewa yayin da juyi ke ƙaruwa, man ne ba ya isowa. Wannan shi ne abin da na fi gani, kuma a nan ne aka fi zaluntar regileta. A lokacin da matsin ke zubewa, regiletan ya riga ya rufe ruf, babu abin da yake saki, babu kuma abin da sabo zai iya yi fiye da rufewa. Fara da filta. Motar da ke shan man 'yan bumburutu ko na gidan man da tankinsa ke da laka takan toshe filta da ragar bakin famfo da wuri. Bayan filta, auna wutar da ke isa famfo a kan filoginsa, injin yana aiki, ka kwatanta da ta batir. Idan bambancin ya kai wajen bolt 1, wayar ta yi siriri ko ta tsufa, ko asin ya yi tsatsa. Rewaya mai hankali zai ja waya mai kauri daga batir ta cikin fiyus da rile, tsohuwar wayar ta zama mai kunna rilen kawai. Wannan ɗan aikin ya ceci famfuna da yawa da aka kusa jefarwa. Sai idan filta sabuwa ce, wuta ta cika, matsin bai daina zubewa ba, sannan a ce famfon ya yi ƙarami ko ya gaji.

Idan matsin ya yi yawa a silo, musamman bayan an saka babban famfo, to ga ainihin wurin da ake sauya regileta. Famfo irin Walbro 255, wanda ke turo kusan lita 255 a awa, yana aiko da mai mai yawa a lokacin da injin ke shan kaɗan. Kusan duka sai ya koma tanki ta ɗan ramin regileta. Idan ramin ya yi ƙanƙanta, man ya cunkushe, matsin ya hau sama da yadda sifirin ya tsara. An san tsofaffin Mitsubishi masu injin 4G63 da wannan hali. Alamarsa: tushe ya kamata ya zama bar 3 amma kana ganin 3.5 ko fiye, kuma idan ka mayar da siririn tiyo allura ba ta sauka yadda ya kamata. Motar tana warin mai a silo, tana cin fetur a cikin gari, amma a kan babbar hanya lafiya lau. Kafin ka ɗora wa regileta laifi, cire tiyon komawa daga jikinsa, ka sa wani guntun tiyo ya zuba cikin jarka, ka tayar na ɗan lokaci. Idan matsin ya dawo daidai, layin komawa ne ya lanƙwashe ko ya toshe a ƙarƙashin mota. Idan bai dawo ba, regiletan ya yi wa famfon ƙanƙanta, kuma sauyawa ta wajaba.

Idan matsin ba ya hawa da turbo ko kaɗan, ko yana hawa yana faɗuwa, alhali gwajin famfon hannu ya yi kyau, siririn tiyon ne. Ko ya tsage, ko yana zarewa idan matsi ya zo, ko an haɗa shi a layi ɗaya da bawul ɗin sakin iskar turbo. Wannan gyaran kuɗinsa bai kai na cin abincin rana ba, amma barinsa yana kashe injin.

Saura hali na ƙarshe: matsin mai daidai, amma waidiban yana nuna ƙarancin mai a sama. Nozul ne suka kai iyakarsu. Duba tsawon buɗewarsu a na'urar karatu. A juyi 6,000 kowane nozul yana da milisakan 20 kacal a kowane zagaye. Idan yana buɗe na 17, ya kai kashi 85 cikin 100, kuma nan ne iyakar da ake so a tsaya. A nan mutane ke cewa a ƙara matsi da regileta na murɗawa. Yana ɗan taimakawa, amma ba kamar yadda ake zato ba, domin feshin nozul ba ya ƙaruwa daidai da matsi. Daga bar 3 zuwa 3.5 kashi 8 cikin 100 kawai za ka samu. Daga 3 zuwa 4, kusan kashi 15: nozul mai fesa cc 440 a minti ya zama kamar 508. Kuma kana biya ta wani gefen, domin duk famfo yawan man da yake turowa raguwa yake yi idan matsi ya hau. Tushe bar 4 da turbo bar 1.5 na nufin famfo ya riƙe bar 5.5 a daidai lokacin da injin ya fi ƙishirwa. Idan gibin ɗan kaɗan ne kuma famfo yana da rara, ana iya yi, tare da sake saita kwamfuta. Idan gibin babba ne, nozul manya ne maganin, kuma ni ko a ƙaramin gibin su na fi so.

7. Zaɓen wanda za a saya

Idan naka mutuwa kawai ya yi, nemi irinsa sak, mai matsi iri ɗaya, na asali ko na Bosch idan shi motar ta zo da shi. Na Beljiyam daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas yana iya yi, da sharaɗin ka yi masa gwajin mataki na 3 da na 4 kafin ka sallami mai kaya. Roba tana bushewa ko da ba a yi aiki da ita ba.

Idan babban famfo ne ya fi ƙarfinsa, ko za ka sauya sandar nozul gaba ɗaya, nemi na murɗawa mai bin turbo ɗaya bisa ɗaya daga kamfanin da aka sani, irin su Aeromotive, Turbosmart, Tomei ko Nismo, kuma ka tabbatar ramin komawarsa ya dace da girman famfonka. Duba ko fatarsa tana jure mai mai gaurayen etanol ko metanol. Wanda ya ga abin da gurɓataccen fetur mai metanol ya yi wa motoci a Najeriya a watan Fabrairun 2022 ba zai raina wannan ba.

Abu biyu zan hana ka. Na farko jabu. Kasuwa cike take da regileta masu sheƙi, da tambarin manyan kamfanoni, da geji da tiyo duka a kwali ɗaya a kan kuɗi kaɗan. Sifirinsu ba ya riƙe saiti, fatarsu tana yagewa, kuma idan ta yage a ƙarƙashin matsi fetur ne ke kwarara cikin manifol. Tsohon regiletan kamfani mai shekara 20 ya fi irin wannan aminci. Na biyu, na'urar da ke ninka matsin mai sau da yawa a kan kowane ɗigon matsin turbo, wadda ake sayarwa da sunan FMU. An yi ta ne don motocin da aka ɗora wa turbo ba tare da an taɓa kwamfutarsu ba. A motar da ta zo da turbo, ko wadda aka saita mata kwamfuta, ɓarna kawai za ta yi.

8. Sakawa

Sauke matsi kamar a mataki na 2. Regiletan 1.8T ɗan maƙali ne ke riƙe da shi: zare maƙalin, ka murɗa regiletan a hankali ya fito. Na motocin Japan yawanci ƙusoshi biyu ne. Shafa wa sababbin zobban roba ɗan man injin kafin ka tura. Busasshen zobe yakan yanke a bakin rami, kuma ba za ka gani ba sai mai ya fara tsartuwa. Kada ka sake amfani da tsohon zobe.

Na murɗawa yakan buƙaci mahaɗa a inda tsohon ya fita, sai tiyo ya kai mai wurinsa. Ɗaure shi da ƙusa a jikin bodi, nesa da turbo da salansa, kada ka bar shi yana lilo a kan tiyo. Shigarsa daga ƙarshen sanda, fitarsa ta ƙasa zuwa layin komawa. Duba takardarsa, domin juya su yana sa matsi ya haura har wani abu ya fashe. Mahaɗan AN, waɗanda bakinsu ke rufewa ƙarfe a kan ƙarfe, da masu zoben roba ba a naɗa musu farin tef na masu famfon ruwa. Guntun tef ɗin yana yankewa ya tafi ya toshe nozul. Ramin geji mai zaren NPT, wato zaren da ke tsukewa yayin da ake murɗa shi, ne kawai ke son abin liƙewa, shi ma wanda fetur ba ya narkarwa.

Siririn tiyon ka ba shi bakinsa shi kaɗai daga manifol, bayan bawul ɗin totur, gajere, kuma ka ɗaure bakunansa biyu.

9. Saiti

Sassauta sukurun saiti kafin ka kunna makulli, don matsin ya fara daga ƙasa. Cika layi, duba yoyo, tayar da injin. Ana saiti ne injin yana aiki, domin wutar caji tana sa famfo ya fi gudu, kuma siririn tiyon a cire a toshe. Wanda ya saita bar 3 da tiyon a haɗe ya saita kusan 3.5 bai sani ba. Murɗa a hankali har ka kai matsin da aka saita kwamfutar a kansa, riƙe sukurun, ka ɗaure goron kulle, ka sake duba allura domin ɗaurewar takan ɗan motsa ta.

Yi amfani da gejinka na gwaji, kada ka dogara da ƙaramin da ke jikin regileta. Irin mai ruwa a ciki karatunsa yana sauyawa idan ɗakin injin ya yi zafi, kuma mutane kan bi shi suna murɗa saitin da ba abin da ya same shi.

Idan ka sauya matsin tushe daga yadda yake, dole a sake saita kwamfuta. A silo da tafiyar cikin gari kwamfuta tana gyara kanta da na'urar salansa, sai ka ɗauka komai lafiya. A cikakken totur yawancin waɗannan motocin ba sa wannan gyaran, lissafin da aka rubuta musu kawai suke bi. Duba adadin gyaran mai a na'urar karatu: kusa da sifili ake so, kashi 5 sama ko ƙasa ba komai, idan ya wuce 10 akwai abin da bai daidaita ba.

10. Sake gwaji

Maimaita mataki na 5 gaba ɗaya, da zagayen rabi tukuna. Bayan an dawo, injin yana da zafi, bi kowace mahaɗa da tsumma da hanci. Idan motar ta daɗe tana shan mai fiye da kima kafin gyaran, zaro sandar awon man injin ka shinshina; in akwai warin fetur, juye man da filtarsa, ka kuma duba fulogi. Bayan mako guda ka sake auna matsin tushe, ka ƙara matse maɗauran tiyo, domin sabon tiyo yakan ɗan saki bayan ya sha zafi. Rubuta matsin tushen da ranar da aka saita shi a jikin takarda ka ajiye cikin motar, don duk makanikin da zai taɓa ta bayanka ya san inda aka tsaya.